Masu Bin Ruwa: Yadda Masuntan Hausawa Suka Nemo Tafkunan Kamaru



Duk wanda ya ga ana sauke kwandunan kifin Lagdo a Garwa, ya kuma ji Hausa tana tashi tsakanin dillalai da masu saye, zai iya ɗauka cewa haka abin yake tun kaka da kakanni. Alhali kuwa da yawa daga cikinmu mun girmi tafkin Lagdo. An fara ginin madatsar a 1977, aka kammala a 1982, kuma kafin nan wurin da jirage suke kai da kawowa a yau gonaki ne da daji da ƙauyuka, kogin Binuwai yana ratsa su. Masuntan da suka cika gaɓarsa daga wani ruwan suka taso, kuma kafin wancan ruwan ma akwai wani. Manomi yakan mutu ya bar wa ɗansa gona a inda take. Masunci kuwa gonarsa tafiya take yi, don haka abin da yake bari gado shi ne sanin yadda ake gane ruwa mai kifi, da abin hawan da zai kai shi can, da ladabin shiga ruwan da yake da masu shi. Wannan tafiya ce muke so mu bi sawunta, tun daga Kabi har zuwa tafkunan ƙasar nan.

Hausawan farko da suka shigo ƙasar Fombina ba kamun kifi ya kawo su ba. A ƙarni na 19, bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kuma kafa Yola a 1841, waɗanda suka riƙa bin hanyar Garwa da Ngaundere da Tibati da Banyo fatake ne masu neman haure da goro, sai marina da mahauta da wanzamai da malamai. Ruwa kuwa yana da masu shi. Binuwai akwai Bata da Jukun, Logon da Shari na Kotoko ne da Musgum da Masa, tsibiran tafkin Chadi kuma na Buduma ne, waɗanda suke kiran kansu Yedina. Bahaushen wancan zamani a nan mai sayen kifi ne, ba mai kama shi ba.

A ƙasar Hausa kanta su sana'ar gado ce ta wasu gidaje, kuma cibiyarta tana can yamma, a Kabi, ƙasar Kanta wanda ya gina Surame a ƙarni na 16. Fadamar gulbin Kabi takan cika da damina, in rani ya yi ta janye ta bar gurabu da tafkuna birjik, kowanne da kifin da ya maƙale a cikinsa. Kabawa sun tashi a kan wannan, haka nan Sarkawa na bakin Kwara wajen Yawuri. Kowane ruwa yana da Sarkin Ruwa, kuma ba a faɗa masa sai ya buɗe shi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, wannan tsohuwar ƙa'ida ce aka yi wa ado: dubban mutane tsaye a bakin Matan Fada, kowa da homarsa da gorarsa, kifi yana gabansu, amma ba mai tsoma ƙafa sai an ba da izini.

Ita gorar nan ta cancanci a dakata a kanta, domin ita ce jirgin farko na Bahaushen masunci. Ƙaton duma ne da aka fafe, aka bar masa ɗan baki. Mai su yakan kifa cikinsa a kanta, ya riƙa tunkuɗa ruwa da ƙafafu, hannuwansa suna aiki da koma, kifin da ya kama kuma ya jefa shi cikin gorar. Ke nan abu guda ya zama masa jirgi, ya zama masa kwando. Ba ta da ƙara da za ta kori kifi, tana kutsawa cikin burugu da bado inda kwalekwale ba ya shiga, ba ta kuma bukatar mashigi. Abin da ya fi duka, mutum yana ɗora ta a ka ya yi tafiyar yini guda, ya gwada wannan tafki, in bai ga alheri ba ya wuce na gaba. Da ita aka koyi neman ruwa. Aibinta shi ne ba ta jure iska, ba ta nisa da gaɓa, kuma rabin jikin mai ita yana cikin ruwan da kada da dorina suke ciki.

Matasanmu da suke kallon bidiyon Amurkawa a Facebook, suna zaune a kan ɗan dandamalin da aka ɗora bisa tuluna biyu masu iska, suna yawo tafki-tafki suna farautar wani kifi nasu da ake kira bas, su sani dabarar ba baƙuwa ba ce. Wanda ake danganta wa irin wannan jirgi a can, Ambrose Weeres na jihar Minesota, katako ya ɗaure a kan durom na ƙarfe a farkon shekarun 1950. Abu mai iska a ciki ba ya nutsewa, iyakar sirrin ke nan, kuma mai gora ya riga shi sani. Bambancin dai su nishaɗi suke yi, har sukan mayar da kifin cikin ruwa bayan sun ɗauki hoto. Namu kuwa tuwon gida yake nema.

Kafin Bahaushe ya iso da gorarsa, yankin tafkin Chadi ya daɗe da sanin jirgi. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale a binne, tsawonsa ya ɗara mita 8, kuma masana suka auna shekarunsa suka ce sun kai wajen 8,000. Ba a san wanda ya girme shi ba a duk Afirka. Kotoko suna ɗinke alluna su yi manyan jirage, su kafa musu wata babbar koma mai kusurwa uku da suke kira zemi, ana saukar da ita ana ɗagawa da doguwar sanda. Buduma kuwa, da yake tsibiransu ba su da manyan itatuwa, sai suka koma ga wata doguwar ciyawar ruwa, irin wadda mutanen Masar na dā suke yin takarda da ita, suna ɗaure ta dami-dami su yi jirgin da ake kira kadai. Ba ya nutsewa ko da ruwa ya hau kansa, sai dai bayan 'yan watanni ya jiƙe ya ruɓe a sake wani. Gwanintarsu ta kai har wani Bature ɗan ƙasar Norwe, Thor Heyerdahl, ya ɗauko maɗaura daga tafkin Chadi a 1969 suka haɗa masa jirgin ciyawa mai suna Ra, ya tashi da shi daga Safi ta Maroko da niyyar ƙetare tekun Atlantika. Ya yi nisa ƙwarai kafin jirgin ya gaza. Wasu Turawan da suka zo tafkin kuwa da nasu suka taho: ayarin da Barth yake ciki, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya ratso Sahara da jirgi a rarrabe bisa raƙuma, kuma a 1851 abokin tafiyarsa Overweg ya harhaɗa shi ya shiga tsibiran Buduma. A shekarar da ta biyo ya rasu a bakin tafkin.

Abubuwa biyu ne suka buɗe wa Bahaushe tafkin Chadi, kuma dukansu ba daga cikin ruwa suka fito ba. Na farko zaren nailan, wanda ya bazu daga ƙarshen shekarun 1950. Kafin zuwansa sai mutum ya kaɗa zare ya saƙa, ya shanya, ya yi ta gyara, komar kuma ta ruɓe cikin ɗan lokaci. Da nailan ya zo, sai kalli ya zama abin saye a kasuwa, kuma wanda bai gaji su ba ma yana iya shiga in ya sami ubangidan da zai ba shi kaya bashi. Na biyu hanyar mota daga Maiduguri zuwa Baga. Kifin da ake yankawa gunduwa-gunduwa a ƙyafe shi ya zama banda ya sami hanyar kaiwa kasuwannin kudancin Nijeriya, kuɗi suka shigo, mutane suka biyo kuɗi. Kabawa suka zo, mutanen Haɗeja da Gashuwa suka biyo Komadugu, Sakkwatawa da Zamfarawa da Katsinawa suka biyo 'yan uwansu. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. A cikin wannan yalwa ne ƙasashe huɗu, Kamaru da Chadi da Nijar da Nijeriya, suka kafa hukumar kula da tafkin a Fort Lami, wato Njamena ta yau, ranar 22 ga Mayu 1964.

Sarkin kifin wancan zamani shi ne giwan ruwa, wanda masu Faransanci suke kira kapiten. Babbansa yana wuce kilo 100, kuma guda ɗaya yana iya biyan bashin kalli. Amma kifi ne mai zaɓe. Yana son buɗaɗɗen ruwa mai motsi da iska, yana kwanto ya afka wa ƙananan kifaye, kuma da zarar ruwa ya tsaya ya yi ɗoyi shi ne kan gaba wajen mutuwa. Tarwaɗa da gaiwa suna iya shaƙar iskar sama su rayu cikin taɓo, shi ba ya iyawa. Saboda haka ne masunta suke ɗaukarsa ma'auni: ruwan da ke da giwan ruwa lafiyayyen ruwa ne.

Sai fari ya zo. Tafkin Chadi ba shi da zurfi, wurare da yawa sandar tuƙi tana taɓa ƙasa, kuma kusan kashi tara cikin goma na ruwansa daga Shari da Logon yake zuwa. Da damina ta gaza a shekarun 1972 da 1973, sai wani tudu da ke kwance a tsakiyarsa ya fito fili, tafkin ya rabu biyu. Ɓangaren arewa, wanda yake wajen Nijar da arewacin Barno, ya yanke daga Shari, ya riƙa ƙafewa har wasu shekarun ba ya da ruwa ko kaɗan. Farin 1984 ya ƙara tsananta abin, har buɗaɗɗen ruwan da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma na dā ba. Da farko masunta sun ga kamar arziki ne, domin kifi ya taru a ɗan wuri ana kwasa ba wahala. Bayan nan sai giwan ruwa da tsage suka ja baya, tafkin ya koma fadama mai ciyawa, wadda ta fi dacewa da tarwaɗa da karfasa da bargi. Kayan aiki ma suka sauya. Gurar Mali ta shigo, aka riƙa jera ɗaruruwanta a tare hanyar ruwa gaba ɗaya, abin da ake kira dumba, wadda ta jawo rigingimu da yawa domin mai dumba ɗaya yana hana na bayansa duka.

Ruwan da ya saura yana kudu ne, inda Shari yake zubowa, wato ɓangaren Chadi da Kamaru. Masunci bai san taswira ba, bakin ruwa ya sani. Ruwa ya ja kilomita biyar, ya tashi da bukkarsa ya bi shi; baɗi ya ƙara ja, ya ƙara bi. Inda ruwa ya bari kuma ƙasa ce mai danshi da take ba da masara da wake ba tare da ruwan sama ba, don haka iyali suka biyo, tunga ta zama ƙauye, ƙauye ya sami masallacin Juma'a da kasuwa. Da haka mutanen da suka taso daga gefen Baga suka wayi gari a Darak da kewayenta, ba su haye wani kogi ba, ba su ga wani dutsen iyaka ba. Hukumomin Nijeriya suka biyo mutanensu da 'yan sanda da makaranta da karɓar haraji.

A 1994 Kamaru ta kai ƙara kotun duniya da ke birnin Hague, da farko a kan Bakasi, daga baya ta haɗa da yankin tafkin Chadi. Duk mai son sanin ko su wane ne suka zauna a wurin, ya dubi sunayen ƙauyuka 33 da aka yi shari'a a kansu. A cikinsu akwai Doron Liman, da Doron Malam, da Garin Wanzam, da Ramin Dorina, da Sabon Tumbu, da Fagge, har da wanda ake kira Naira. Ba sai an tambayi wanda ya raɗa waɗannan sunaye ba. Wanzami ya sauka a wani tudu aka kira wurin da sana'arsa, wani ya ga inda dorina take kwana ya sa wa wurin suna, Bakano ya tuna unguwarsu. Hujjar Nijeriya ita ce mutanenta ne a wurin, kuma ta daɗe tana mulkinsu. Hujjar Kamaru takardu ne: yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka yi a 1919, da wadda suka tabbatar a 1931, tun wurin yana ƙarƙashin ruwa. Ranar 10 ga Oktoba 2002 kotu ta ce takarda ta rinjayi zama, ta kuma rubuta alkawarin da Kamaru ta ɗauka na ci gaba da kare 'yan Nijeriyar da ke zaune a yankin. A watan Disamba 2003 Nijeriya ta janye. Wasu suka koma, wasu suka zauna inda aka binne iyayensu.

A ganinmu Darak ita ce babbar aya a wannan tarihi. A Kabi, komai ƙanƙantar tafki akwai wanda ake tambaya kafin a shiga. A busasshen cikin tafkin Chadi kuwa mutane sun tarar da fili ba kowa, suka ɗauka ba shi da mai shi, sai ga shi mai shi yana nan a rubuce cikin takardar da aka sa wa hannu tun kafin a haifi yawancinsu. Ba su yi sata ba, ba su yi ƙwace ba, amma sun kwana 'yan gida sun tashi baƙi.

A daidai shekarun da tafkin Chadi yake janyewa, sai ga sabon ruwa yana fitowa a kudu, wannan karon da hannun mutum. A 1979 aka tare ruwan Logon aka yi tafkin Maga domin noman shinkafa na kamfanin SEMRY. Ya samar da wurin su, amma ya rage ambaliyar da take shayar da fadamar Waza, inda kifin Logon yake hayayyafa, har sai da aka sake buɗe wa fadamar hanyar ruwa a 1994. Sannan Lagdo, wadda 'yan ƙasar Sin suka gina zamanin Ahmadu Ahijo domin lantarki da ban ruwa, kimanin kilomita 50 daga Garwa, tafkinta ya kusa murabba'in kilomita 600. Labari ya kai Kusiri da Blanguwa da Baga da Yawuri cewa an yi teku a ƙasar Garwa. Musgum da Kotoko da Masa suka gangaro daga arewa, Jukun suka hauro Binuwai, mutanen Mali suka zo da gurarsu, Hausawa kuma suka zo ta kowace fuska, wasu masunta, wasu dillalai, wasu masu ƙyafe kifi, wasu masu sassaƙa jirgi, wasu masu shayi. Jipporde ta zama mashigi da kasuwa. Wani tsibiri a tsakiyar ruwan aka raɗa masa Madagaskar.

Ruwan madatsa ba a karanta shi kamar tafkin Allah. Tafkin Chadi shimfiɗe yake kamar tabarma, ana gane kifinsa da launin ruwa, da irin ciyawa, da inda kwasakwasa da zalɓe suke taruwa da sassafe. Lagdo kuwa ƙasa ce da aka nutsar da tuddanta da kwarurukanta da kukokinta. Wanda ya jefa kalli bai san abin da ke ƙasa ba, kututture zai yaga masa shi a daren farko. Dattawan da suka riski farkon tafkin sun sha gaya mana cewa malamansu na farko ba masunta ba ne, manoman da ruwa ya tasa ne. Su ne suka san inda tsohon Binuwai ya bi, da inda rafi yake shiga cikinsa, da inda dutse yake, da inda kasuwar ƙauyensu take kafin ruwa ya rufe ta. Mai hankali yakan ɗauki irin wannan mutum a jirgi yini biyu ko uku, ya ba shi goro da kifin miya, shi kuwa yana nuna masa da hannu yana cewa nan gonar wane ce, can maƙabartarmu ce, kada ka jefa. Sauran aikin na igiya ne da dutse: a saki a ji zurfi, a ɗago a duba ko yashi ne ya manne ko laka. Giwan ruwa yana bin gefen tsohon kogi inda tudu ya gangara cikin zurfi, da gindin duwatsu, da bakin dajin da ya nutse inda ƙananan kifaye suke ɓuya. A nan ake kafa masa ƙugiya da ɗan kifi mai rai. Wurin da mutum ya gano kuwa sirri ne. Yakan daidaita shi da wani tsauni da wata bishiya a gaɓa ya riƙe a ka, ba ya faɗa wa kowa sai ɗansa.

Ƙaramin jirgi a nan ya sake nuna ranarsa. Babban jirgi mai inji na jigilar kaya ne da mutane zuwa kasuwa. Mai neman kifi cikin itatuwan da suka nutse kwalekwalen katako yake so, na mutum biyu, ɗaya yana tuƙi ɗaya yana aiki, wanda zai juya a ƙunci ya kuma tsaya shiru. Haɗarinsa iskar farkon damina ce, wadda takan taso ba sallama ta tayar da raƙuman ruwa, ga kuma dorina, wadda Binuwai bai taɓa rabuwa da ita ba. Gidaje da yawa a bakin tafkin nan suna da wanda ya fita da yamma bai dawo ba. Allah Ya jiƙansu.

Shekarun farko na kowace madatsa shekarun yalwa ne, kuma dalilin a fili yake: ciyawa da ganye da takin gonakin da ruwa ya rufe suna ruɓewa su zama abinci, kifi ya yi ta hayayyafa, masu kama shi kuma ba su yi yawa ba tukuna. Wannan abinci ƙarewa yake yi. Bayan ya ƙare ruwa yakan koma daidai ƙarfinsa, amma mutanen da labarin yalwa ya kirawo ba sa komawa. A Lagdo an ƙara da laka da take gangarowa daga gonakin da aka share a gaɓa tana cike tafkin. Da kifi ya ragu sai idon koma ya ƙara tsukewa, daga mai shigar yatsa huɗu zuwa mai shigar biyu, har aka kai ga jan taru da gidan sauro, ana kwashe 'ya'yan da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Ba za mu ce wata ƙabila ce kaɗai take yi ba, kuma ba za mu wanke namu ba. Hukuma takan rufe tafkin watanni uku na damina domin kifi ya yi ƙwai, abin da Sarkin Ruwa na Kabi yake yi tun ba a san takarda ba, amma a wancan zamani mai karya doka kunyar gari yake tsoro, yanzu kuwa yana lissafin tara ne ya ga ko ribar dare ɗaya za ta biya. Giwan ruwan da mutum biyu suke ɗauka a sanda ya zama abin ba da labari.

Saboda haka aka ci gaba da tafiya. Wasu suka nufi Mbakawu kusa da Tibati, wasu Mape wajen Magba, wasu Bamenjin. Rikicin Boko Haram, musamman bayan harin Baga na Janairu 2015, ya rufe wa dubban masunta tafkin Chadi, ya ƙaro wa ruwayen kudu baƙi. A daidai lokacin aka fara tara ruwa a madatsar Lom Pangar da ke jihar Gabas, cikin daji mai nisa daga duk inda aka san Bahaushe da su, kuma kafin a ankara bakinta ya cika da mutanen arewa. Labarin da a dā yakan yi shekara kafin ya iso ta bakin fatake, yanzu hoton kifi ɗaya a WhatsApp ya isa ya tayar da tunga guda cikin mako. Saurin ya fi ƙarfin tsohon tsari, wanda a cikinsa baƙo yakan sauka wurin mai masauki, mai masauki ya kai shi gaban Sarkin Hausawa ko Sarkin Ruwa, shi kuma ya gabatar da shi ga jauro ko lawan ko lamiɗon ƙasar, a san sunansa da garinsu da wanda ya tsaya masa. Abin da ya faru a Logon Birni a 2021 tsakanin masunta da makiyaya a kan ruwa, har dubban mutane suka tsallaka Chadi, ya isa ya nuna inda rigimar mashaya take kaiwa in ba a sami masu zama a tsakani ba.

Akwai kuma wata matsala da ba a ganinta daga cikin jirgi. Yaron da aka haifa a tsibiri ko a tungar da ba ta cikin taswira, sau da yawa ba a yi masa takardar haihuwa. Uban yana ganin ba komai, tunda baɗi ma ba a nan za su kasance ba. Sai yaro ya kai ajin jarrabawa a ce ya kawo takarda, ko ya girma ya nemi katin ɗan ƙasa, a tambaye shi inda aka haife shi, ya ambaci wurin da ruwa ya riga ya cinye ko aka tashi aka bari. Da ya buɗe baki aka ji Hausa, sai a ce ɗan Nijeriya ne, ko da kakansa a Garwa aka yi masa suna. Irin waɗannan suna zuwa zauren dattawanmu kowane wata ana neman wanda zai shaide su, wasunsu sun haura shekara talatin, da mata da 'ya'ya, kuma 'ya'yan ma ba su da takardar. Waɗanda aka fi samun sauƙin lamarinsu su ne waɗanda ubansu ya bi ta hannun mai masauki ranar da ya sauka, domin akwai gidan da zai ce mun san shi, a shekara kaza ya zo daga Yawuri, da kalli biyu da gora ɗaya.